Burkutu, pito da giyar kiraf: daga ina ɗanɗanon yake fitowa?

Dauda (Jos): Jama'a barkanmu da yamma. Gardamar da muka bari a rataye jiya nake so mu ƙarasa. Yohanna ya ce giyar ƙananan kamfanoni, wadda ake ce wa kiraf, ta fi burkutu da pito ta kowace fuska, wai tsada ce kawai ta hana mutane komawa can. Ni ban yarda ba. Amma kafin mu kai ga wanne ya fi, ina so masu sana'ar su warware mana wannan: gida biyu a unguwa ɗaya, dawa daga kasuwa ɗaya, ruwa daga rijiya ɗaya, na wannan gida ya fito da ɗan zaƙi da tsami mai daɗi, na wancan kuwa ba ya shawuwa. Me ke kawo haka?

Mama Saratu (Kagoro): Dauda ɗana, ruwa ba ya tsami banza. Rabin amsarka tana wurin tsiro, tun kafin a ɗora tukunya. A wanke dawa, duk wadda ta taso saman ruwa a kwashe a ba kaji, ƙwari sun cinye cikinta, ba za ta tsira ba sai dai ta ruɓe ta ɓata sauran. A jiƙa yini da kwana, amma ba a barinta cikin ruwa ɗaya. Bayan awa shida ko takwas a tsiyaye, a bar ta ta sha iska kamar awa biyu, a sake zuba sabon ruwa. Wadda aka bari cikin tsohon ruwa tun daga nan take ɗaukar warin da ba ya fita ko an tafasa.

Sai a baza a ɗaki mai inuwa, kaurin bai wuce yatsu huɗu ba, a rufe da jiƙaƙƙen buhun algarara. Yayyafi safe da yamma, a riƙa juyawa da hannu. Da zafi kwana uku zuwa huɗu ya isa, da hunturu sai biyar. Ranar da ta yi, za ka ga saiwoyin sun sarƙe kamar tabarma, in ka ɗaga gefe ɗaya sauran na biyowa. Ka murje ƙwaya ɗaya tsakanin yatsu, ta farfashe kamar alli, ka tauna ka ji zaƙi-zaƙi, ƙanshinta kamar na ɗanyar masara. In ka tura hannu ciki ka ji zafi kamar jikin mai zazzaɓi, ta yi kauri da yawa, a rage. In ka ga baƙi-baƙi ko kore-kore kamar ƙura, funfuna ce, a zubar, kar a yi rowa.

Malam Istifanus (Samaru): Mama ta faɗi gaskiya. In ƙara abu biyu da suka shafi lafiya. Na ɗaya, saiwa da kan tsiron dawa suna ɗauke da wani sinadari da ke rikiɗewa ya zama gubar sayanayid. Shi ne dalilin da makiyaya ba sa barin shanu su afka wa gyauron dawa. Saboda haka bayan an shanya tsiro kwana biyu ko uku ya bushe har yana ƙaras a haƙori, a murje shi da hannu, a sheƙe saiwoyin su fita. Abin da ya rage tafasa mai tsawo cikin buɗaɗɗiyar tukunya na kore shi. Banda guba ma, saiwar na sa ɗaci mai kama da na ciyawa. Na biyu, dawar iri da aka shafa wa magani, mai launin ja ko ruwan hoda, da wadda aka adana da maganin ƙwari a sito, ba na giya ba ne. Wanki ba ya fitar da shi duka.

Gwaji mai sauƙi kafin ka sayi buhu: ƙirga ƙwaya 100, nannaɗe a jiƙaƙƙen tsumma, ka duba bayan kwana uku. In ƙasa da 90 suka tsira, nemi wata.

Yohanna (Abuja): Duk na ji, amma ba ku taɓa maganata ba. Ku ɗauki Sierra Nevada Pale Ale, wadda aka fara a garin Chico na Kalifoniya a 1980. Barasarta kashi 5.6 cikin ɗari, furen hop ɗinta, wato furen da ke ba giya ɗaci da ƙanshi, nau'in Cascade ne, ƙanshin ɓawon lemo da na itacen fir. Kwalbar bana da ta bara ɗanɗano ɗaya. Ko a nan gida, Bature Brewery da suka fara a Abuja a 2017 kafin su koma Legas suna da baƙar giya mai kofi, Black Gold, da kuma Harmattan Haze. Ka san abin da za ka samu kafin ka buɗe. Burkutu kuwa caca ne. Da safe zaƙi, da rana daidai, da dare ruwan tsami.

Dauda (Jos): Wannan da ka kira caca shi ne abin da masu kiraf na Turai ke biyan kuɗi da yawa su samu. Giyar lambik ta Beljiyam, irin ta gidan Cantillon da ke Burasels tun 1900, ba a zuba mata yisti, wato ƙwayoyin da ke mayar da sukari barasa. A kwanon tagulla mai faɗi ake barin ruwan ya kwana a buɗe a lokacin sanyi, ƙwayoyin da ke iska su faɗa ciki, sannan a ɗura a ganga shekara ɗaya zuwa uku. Tsami ne da ita har da warin garke, ana kuma yabonta. Na gida ne ba a ganin girmansa.

Injiniya Iliya (Kaduna): Ku ɗan dakata da wanne ya fi. Akwai wurin da yawanci ake faɗuwa, kuma shi ne sauran rabin amsar Dauda. Zancen zafi ne.

Abin da ke cikin ƙwayar hatsi sitaci ne. Yisti ba ya cin sitaci, sukari yake ci. Aikin tsiro shi ne ya samar da sinadaran da ke yanka sitaci ya koma sukari, waɗanda ake kira inzayim, mu ce ƙarfin tsiro. Amma ba sa iya yanka sitacin sai ya dahu ya kumbura, kamar yadda koko ke yin kauri in an zuba masa tafasasshen ruwa. A sha'ir abin ya zo da sauƙi: sitacinsa na dahuwa wajen digiri 60 zuwa 65, ƙarfin tsironsa kuma na aiki a daidai wannan zafin. Ka zuba ruwa, ka riƙe shi a 65 awa ɗaya, an gama. Dawa ba haka take ba. Sitacinta sai an kai digiri 70 zuwa sama yake dahuwa sosai, alhali inzayim ɗin da ke ba da sukarin da yisti ya fi so yana mutuwa kafin a kai can, kuma dama kaɗan ne a dawa. In ka tsaya a 65, sitaci bai dahu ba. In ka wuce 75 da komai a tukunya, ka kashe masu aikin. Gaba kura, baya sayaki.

Wanda ya kwaso tsarin sha'ir daga intanet ya ɗora wa dawa, abin da yake samu ke nan: ruwa tsararo, barasa kaɗan, gari ya kwanta a gindin tukunya.

Mama Saratu (Kagoro): Injiniya, wannan dogon lissafi naka ai shi ake yi kullum a bayan gida ba tare da ma'auni ba. A niƙa tsiro barzajje, ba laushi kamar garin tuwo ba. A dama da ruwa mai ɗumi-ɗumi, a bar shi ya kwanta. Ruwan da ya taso sama, garai-garai mai ɗan ja, a kwashe shi da ƙwarya a ajiye gefe, ba ya ganin wuta. Gindin mai kauri shi ake ɗorawa, ana tuƙawa da muciya ba tsayawa har ya dahu kamar kunu. A sauke, ya ɗan sha iska, sai a mayar masa da ruwan nan da aka ajiye. Nan take za ka ga kaurin ya tsinke, abin da muciya ke tsayawa a ciki ya koma ruwa, ka ɗanɗana ka ji zaƙi ya fito. Mai gaggawa da ta juye ruwan tun gindin na tafarfasa, ita ce nata ba ya zaƙi.

Injiniya Iliya (Kaduna): Shi ke nan, Mama. Ƙarfin tsiron a cikin ruwan saman nan yake, shi ya sa ake ɓoye shi daga wuta. Ga shi da lamba ga mai ma'aunin zafi, na lita 20: tsiro kilo 5, ruwa lita 18 a digiri 45 zuwa 50, a dama a bari minti 30 zuwa 45. A kwashe kamar rabin ruwan. A dafa gindin ya tafasa minti 20. A bar shi ya sauko wajen 75, a mayar da ruwan a hankali ana juyawa, haɗin ya tsaya tsakanin 62 da 65. A rufe, a naɗe tukunyar da bargo, awa ɗaya zuwa ɗaya da rabi. Sannan a ɗaga zuwa 72 na minti 15. Don tabbatarwa, ɗiga ruwan a farin faranti ka sa ɗigon aidin. In ya koma shuɗi ko baƙi, da sauran sitaci, ƙara lokaci. Abin da ka sa wa aidin zubarwa ake yi, ba a mayarwa.

Kuma Yohanna ya sani, dafa wani sashe na dame daban a mayar ba baƙon abu ba ne ko a Turai. Pilsner Urquell ta ƙasar Cek, wadda aka fara a 1842, sau uku ake ɗebo wani kaso a tafasa a mayar.

Matsala ta gaba tata ce. Sha'ir na da ɓawo da ke zama matata da kansa, dawa ba ta da shi, sai ta toshe kamar laka. A zuba wankakken buntun shinkafa, kamar gram 300 zuwa 500 a wannan adadin, ruwa zai sauka.

Asabe (Tamale): A wajenmu piton Dagaba, irin na Nandom da Jirapa a arewacin Gana, ba buntu ake sawa ba. Karan kuɓewa ake daddakawa a jiƙa, ko ɓawon itace mai yauƙi irin dargaza, a zuba ruwan yauƙin cikin damen. Yauƙin ke kama gari ya ja shi ƙasa, ruwan sama ya fito tas. A nan pito ya rabu da burkutu. Pito tatacce ne, ja-ja kamar shayi, kana ganin gindin ƙwarya. Burkutu na tafe da garinsa, mai sha ya ƙoshi kamar ya sha kunu. Ni a bakina pito ya fi, don tsaminsa a bayyane yake, gari bai danne shi ba.

Kawu Bulus (Numan): 'Yata, kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi. Manomin da ya taso daga gona da rana tsaka ba shayi yake nema ba. Kaurin nan shi ne abincin. Abin da ban yarda da shi ba dai shi ne garin rogo da ake ƙarawa a burkutun kudu. Yana ƙara yawa da barasa, gaskiya ne, amma yana kashe ƙanshin dawa, ya bar wani salam-salam a harshe.

Injiniya Iliya (Kaduna): Kawu, garin kwaki sitaci ne da ya riga ya dahu wajen suya, shi ya sa ƙarfin tsiro ke cinye shi nan da nan. Dabara ce mai kyau ta fuskar riba. Ta fuskar ɗanɗano ina bayanka. In ya wuce kashi ɗaya cikin huɗu na hatsin, yisti ma na rasa abincin da yake samu daga tsiro, aikinsa ya yi rauni.

Dauda (Jos): To tsamin fa? Har yanzu ba a faɗi inda na gida na biyu ya lalace ba.

Mama Saratu (Kagoro): Tsami iri biyu ne, kar a haɗa su. Akwai wanda ake so, akwai na lalacewa. Wanda ake so a daren farko ake samunsa. Bayan zaƙi ya fito, a bar shi a randa ya kwana, awa goma zuwa sha biyu. Da asuba a ɗanɗana. In ya yi tsami kamar kindirmon jiya, ya isa, maza a tace a ɗora wuta. Tafasar nan ce ke tsayar da tsamin inda yake. Wadda ta makara har rana ta ɗaga, musamman a watan Maris da Afrilu, ta riga ta yi asara, don tsami ba ya komawa baya. Tafasa kuma ba ta wasa ba ce, awa huɗu ko fiye, ana kwashe kumfar datti, har ruwan ya ragu ya yi duhu, ƙanshinsa ya koma kamar na alewa. Da yamma a juye a tukwane ya huce sarai. Sai ka sa yatsa ka ji ba ɗumi kafin a zuba gindin tsohuwar giya. Cikin dare za ka ji tukunya na shiii, da safe farar kumfa ta rufe baki tana tsalle. Kwana uku ke nan daga dama zuwa sayarwa.

Tsamin lalacewa kuwa daga baya yake zuwa, mai kama maƙogwaro da yaji a hanci.

Injiniya Iliya (Kaduna): Na farkon ƙwayoyin da ke sa nono tsami ne ke yinsa, ba sa son iska, sun fi ƙwazo a digiri 35 zuwa 45. Na biyun wasu ƙwayoyi ne daban, masu cin barasa su mayar da ita binega, kuma sai da iska suke aiki. Buɗaɗɗiyar tukunya, yawan juyawa da ludayi, ƙananan ƙudajen nan masu bin 'ya'yan itace, su ke kawo shi. Abin da Yohanna ya kira ruwan tsami da dare ke nan. Masu kiraf da ke yin giya mai tsami irin Berliner Weisse ta Jamus a yau, da yawansu tsarin Mama suke bi: su bar ruwan ya yi tsami yini ɗaya ko biyu a tukunya, su tafasa su kashe ƙwayoyin, sannan su sa yisti. Bambancin kawai suna da ma'aunin tsami, suna tsayawa wajen 3.3 zuwa 3.5. Mama da harshe take aunawa.

Yakubu (Marwa): Ku bar ni in shigo da zancen irin dawa, don a nan arewacin Kamaru shi ake fara tambaya. Bilbil na gaske, wato burkutun wajenmu, da jar dawar damina ake yi, wadda Fulani ke kira njigaari. Tana ba da launi da ɗan bauri da ke riƙe harshe. Masakwa, dawar rani ta ƙasar laka da ake kira karal, giyarta ta fi haske da laushi, wasu na haɗa biyun. A duwatsun Mandara, Kapsiki, 'yan'uwan Kamwe na Michika, sun raba abin gida biyu: jar giya ta al'ada da maza ke dafawa don bukukuwa da sadaukarwa, da farar giya ta mata ta kasuwa. Wanda ya ce duk giyar dawa ɗaya ce bai zaga ba.

Malam Istifanus (Samaru): Baurin nan daga sinadarin tanin yake, wanda ke cikin fatar wasu nau'o'in dawa masu duhu, shi ne ma ke sa tsuntsaye ba sa son su. Ba kowace jar dawa ke da shi ba. Kankare ƙwaya da wuƙa, in ka ga wani baƙin shimfiɗi a ƙarƙashin fatar, tana da shi. Kaɗan na da daɗi, amma in ya yi yawa yana ɗaure ƙarfin tsiro, zaƙi ya ƙi fitowa. Maganinsa a jiƙon farko a sa ruwan toka tatacce na 'yan awoyi, a wanke sosai, yana kuma rage funfuna. Kamfanoni dai kaura da farafara suke nema. Kaura gajera, SK5912, wadda cibiyar binciken noma ta Samaru ta fitar, ta daɗe tana cikin waɗanda masu tsiro ke so.

Yohanna (Abuja): Ai kun ga, ko kamfanonin ba don daɗi suka koma dawa ba. Dole ce.

Injiniya Iliya (Kaduna): Dole ce ta fara, ba musu. A 1988 gwamnatin Babangida ta hana shigo da tsiron sha'ir. Kafin nan Star, wadda aka fara a Legas a 1949 kuma aka buɗe mata masana'anta a Kakuri nan Kaduna a 1963, da sha'ir ake yinta. Dokar ta sa kowa ya koma dawa da masara, da inzayim na saye mai jure zafi, wanda ke warware matsalar da muka yi bayani a sama. Da aka ɗage dokar ba a bar dawa ba, har Nigerian Breweries ta buɗe masana'antar tsiron dawa a Aba a 2008. Guinness ta Ikeja, wadda ita ce ta farko da kamfanin ya gina a wajen Ailan da Birtaniya, baƙar giyarta mai barasa kashi 7.5 ce kuma da dawa a ciki, ta famfo a Dublin kuwa 4.2. Masu kiraf na waje da yawa ta Najeriya suke nema saboda ɗacinta da ɗan tsaminta. Yuganda ma Eagle Lager da aka fito da ita a 2002 ta dawa ce. Saboda haka bakin ɗan Najeriya ya fi shekara 30 yana shan dawa a kwalba, ko ya sani ko bai sani ba.

Kawu Bulus (Numan): Har yau dattawan Filato in ana hira sai sun tuna Rock ta Jos, na Binuwai kuma More ta Makurɗi. Kowane yanki da abin da ya saba.

Dauda (Jos): Ku kuma lura da acca. Garrett Oliver na Brooklyn Brewery a Niyok ya yi giya da ita, wasu kamfanoni suka bi sahu, ana ta yabon ƙanshinta wai kamar na 'ya'yan itace. Abin da ke tsirowa a tsakuwar Filato da kudancin Kaduna. Mai son gwadawa ya dafa ta tukuna kamar fate, ya haɗa da damen tsiro, kashi 20 zuwa 30 na hatsin. Ƙwayarta ƙanana ce ƙwarai, ba sai an niƙa ba, amma a rairaye yashi da kyau.

Yohanna (Abuja): Na sassauta a kan dawa. A kan hop ban sassauta ba. Giyar da ba ɗaci ba ta cika ba. Ga mai son haɗa biyun, a lita 20: kar a bari ya kwana ya yi tsami, a tace a tafasa awa ɗaya. Cascade gram 25 tun farkon tafasa don ɗaci, gram 30 a minti biyar na ƙarshe don ƙanshi. Na farkon ƙanshinsa na tafiya da tururi, ɗacin ke zama, na ƙarshen kuma akasin haka. Hop ɗin da ya koma ruwan ƙasa yana warin cuku ya tsufa, a firiza ake ajiye shi cikin leda marar iska. Kwalba kuma mai ruwan ƙasa, don hasken rana na ratsa fara da koriya ya taɓa hop, cikin 'yan mintoci giya ta ɗauki wari.

Asabe (Tamale): Yaya Yohanna, ɗaci da tsami ba sa zama gida ɗaya. In ka zuba hop mai yawa a pito, kowanne na jan nasa, bakin mutum ya rikice. Kuma hop na kashe ƙwayoyin tsami, in aka sa shi kafin kwanan farko tsamin ba zai zo ba sam. Ga mai son ƙari a giya mai tsami, zoɓo ya fi dacewa: gram 100 zuwa 150 a lita 20, bayan an kashe wuta, minti goma a tsame. In ya daɗe yana tafasa launin na dushewa, bauri ya fito. Citta ɗanya gram 40 ta isa. Kanumfari kuwa ƙwaya uku ko huɗu, in ka wuce haka ka yi maganin haƙori.

Malam Istifanus (Samaru): An gwada shuwaka da namijin goro a madadin hop a jami'o'inmu. Suna ba da ɗaci, amma ɗaci ne mai naci a maƙogwaro, kuma ba ƙanshi. Mai gwadawa ya dafa su daban, ya riƙa ɗigawa a kofi ɗaya yana ɗanɗanawa kafin ya taɓa tukunya.

Yakubu (Marwa): Injiniya, yistin leda na masu kiraf zai yi aiki a zafin Marwa? Nan a Afrilu inuwa ma na haura digiri 40.

Injiniya Iliya (Kaduna): Yawancinsu a'a. Yistin laga, wato giya irin Star, digiri 8 zuwa 12 yake so, sai da firji da wutar da ba ta ɗaukewa. Na el, wato irin Pale Ale ɗin Yohanna, 18 zuwa 22, wanda Jos da Mambila za su iya da hunturu. In ka sa shi a 33 zai yi aiki da gudu, amma ya fitar da wasu nau'o'in barasa masu nauyi, warin fenti, zafi a maƙogwaro, ciwon kai da safe. Mafita biyu: ko a tsayar da jarkar cikin baho mai ruwa a lulluɓe da jiƙaƙƙen tsumma, ko a nemi kveik, yistin manoman Norwe, wanda ke aiki lafiya a 30 zuwa 40 ya gama cikin kwana uku ko huɗu. Su ma busar da shi suke yi su ajiye, kamar yadda matan pito ke shanya kumfa. Yistin burodi na yi, sai dai ba ya kwanciya da kyau kuma yana barin warin ƙullu. Gindin tukunyar Mama shi ya saba da zafinmu, amma tafe yake da ƙwayoyin tsami, bai dace da giyar hop ba.

Ƙarfin barasa kuma a daina cinta. Ma'aunin nauyin ruwa na gilashi ba shi da tsada. Auna kafin sa yisti, auna bayan ya gama, ka ɗebe, ka ninka da 131. In ka fara da 1.045 ka ƙare a 1.010, kashi 4.6 ke nan. Burkutu yawanci tsakanin 3 da 6 yake, gwargwadon awa nawa ya yi.

Kawu Bulus (Numan): A matsayina na mai kula da zauren nan, in tuna mana: wanda ya sha mai kashi 6 da tsakar rana ba ya hawa babur. Ba a ba yara, ba a ba mai ciki, kuma wanda ke jihar da doka ta hana ya san inda yake. Masu ƙara ogogoro ko ƙwaya a tukunya don a ce nasu na da ƙarfi, ba sana'a suke ba. Mutanen da suka mutu a Ondo da Ribas a 2015 gubar metanol ce a ogogoro ta kashe su. Haka durom ɗin da aka taɓa zuba sinadari ko fenti, tsami na narko abin da ke jikinsa. Tukunyar ƙasa, ko ƙarfen da ba ya tsatsa, ko robar abinci.

Dauda (Jos): Saura tambaya ɗaya, ita ce ma ƙashin bayan maganar Yohanna. Za a iya ɗura burkutu a kwalba ya yi wata bai canza ba?

Injiniya Iliya (Kaduna): Yadda yake a tukunya, a'a, kuma haɗari ne. Da sauran sukari, yisti na raye, iska na taruwa, kwalba ta fashe a fuskar mutum. Shi ya sa kwalin Chibuku na kudancin Afirka ke da 'yar kafar fitar iska a sama. Hanya biyu ce. Ta farko, a ɗura a lokacin da ɗanɗanon ya yi daidai, a rufe, nan take a jera kwalaben a tukunyar ruwa mai tsumma a ƙasa, a ɗaga zafi a hankali har cikin kwalbar ya kai digiri 60 zuwa 63, a riƙe minti 20. A bar kwalba ɗaya a buɗe da ruwa a ciki don saka ma'auni, a kuma rufe tukunyar da murfi. Ta biyu, a bar shi ya gama aiki sarai a jarka mai bututun fitar iska, ma'auni ya nuna lamba ɗaya kwana uku a jere, sannan a sa sukari gram 5 zuwa 6 a kowace lita, a ɗura, mako biyu. Wannan ya fi dacewa da pito. Burkutu mai gari in aka dafa shi a kwalba, sitacin na ƙara kauri ya kwanta, sai an girgiza.

Mama Saratu (Kagoro): Kuma ba zai yi kumfar nan mai tsalle a ƙwarya ba, wadda masu sha ke tsallake gida uku su zo nema.

Yohanna (Abuja): To Mama, in na bi ta biyun da tsiron kaura, na bar shi ya kwana ya yi tsami, na sa kveik, hop gram 10 kawai a ƙarshe, me zan kira shi, pito ko kiraf?

Asabe (Tamale): Ka fara tace shi da kuɓewa tukuna, mu ga ko gindin ƙwarya zai fito. Kuma awa takwas za ka ba kwanan, ba sha biyu ba, Abuja ba Jos ba ce.